Tsohon allo mai VGA da sabuwar laftof: wace waya za ta haɗa su?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohon allon kwamfuta mai shuɗin bakin nan na VGA. Laftof ɗin da na saya kuma ba ta da shi, sai HDMI da USB-C. Na sayo waya a kasuwa, kai ɗaya HDMI, ɗaya kan VGA, na jona amma allon bai kawo komai ba. Allon ne ya mutu ko wayar ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da wuya allon ne. Mai yiwuwa an sayar maka da waya zalla, wadda babu komai a cikinta sai silin tagulla.

VGA tsohon tsari ne da kamfanin IBM ya fito da shi a 1987. Haƙoransa 15 ne a jeri uku, kuma hoto yake ɗauka a tsarin analog, wato ja da kore da shuɗi kowane yana tafiya a matsayin wuta mai hawa da sauka. Shi kuwa HDMI haƙoransa 19, lambobi yake aikawa na dijital, har da sauti. Don baki ya shiga rami ba shi ke nuna za su fahimci juna ba. Dole a sami tafinta a tsakani, ƙaramin kwanbata mai guntun na'ura a ciki da ke juya dijital zuwa analog. Galibi za ka gan shi kamar ɗan akwatin ashana mai gajeriyar jela.

Wurin saye ka duba kwalin da kyau, domin kwanbata hanya ɗaya yake bi. Naka shi ne wanda aka rubuta HDMI zuwa VGA. Na VGA zuwa HDMI kama suke yi sosai, amma na tsohuwar kwamfuta ne da sabuwar talabijin, kuma ko ka kwana kana juya shi ba zai yi maka aiki ba. Ka fi son mai ƙaramar kafar USB ta ƙarin wuta a gefe. Bakin HDMI bolt 5 yake bayarwa, amma ƙarfinsa kaɗan ne, shi ya sa a wasu laftof hoton ke ƙiftawa yana ɗaukewa. Sauti kuma VGA ba ya ɗauka sam, sai dai ka nemi mai kafar lasifika ta milimita 3.5.

Kafin ka kashe kuɗi, leƙa bayan allon. In akwai farin baki mai faɗi, DVI ke nan, kuma ka huta. Siginar dijital ta DVI da ta HDMI iri ɗaya ce, waya zalla ta HDMI zuwa DVI ta isa, hoton ma ya fi na VGA tsabta. A nan ne mutane ke ruɗewa, domin akwai ɗan adaftan DVI zuwa VGA da ke aiki ba tare da wata na'ura ba. Yana yi ne kawai a bakin DVI-I, mai ƙananan ramuka huɗu kewaye da tsagar gefe, saboda shi yana ɗauke da analog tun asali. HDMI ba shi da wannan.

USB-C kuwa ba kowace kafa ce ke fitar da hoto ba. In ka ga alamar walƙiya ta Thunderbolt ko ta DisplayPort kusa da ita, adaftan USB-C zuwa VGA zai yi. Wasu kafafun na caji ne da ɗaukar fayil kawai.

Bayan ka jona, ɗaure sukurorin VGA biyu, ka danna maɓallin Windows da na P tare, ka zaɓi a nuna hoto a allon biyu. In launi ya rine ya koma ruwan hoda ko ɗorawa, zare wayar ka duba, galibi haƙori ɗaya ne ya lanƙwashe. Sannan kada ka yi mamaki in Netflix ya ba ka baƙin allo alhali komai na aiki: kariyar HDCP ce, wadda ke hana kwafar fim, kuma VGA ba ya ɗaukar ta.