Na fara hadda, ƙwazona ya mutu

Ɗan'uwa, ka ce ka fara haddar Alƙur'ani da zafi, yanzu kuma ko buɗe Mus'hafi nauyi yake maka. Kada ka jira ƙwazon ya dawo, rage abin da kake ɗauka. Layi biyar bayan Asuba ya isa. Kafin ka fara, gyara niyya: don wa nake yi? In don a kira ka Gwani ne, gajiya za ta zo da wuri.

Mus'hafin Madina shafi 604 ne, galibi layi 15 a shafi, kenan da layi biyar kullum za ka sauke cikin shekara biyar. Sharaɗin dai tilawa. Yawancin waɗanda na ga sun sare, haddar baya ce ta zube musu. Nemi malamin da zai riƙa sauraron ka duk mako.