Hawan Chappal Waddi: Ta Gashaka Za Mu Bi Ko Ta Mambila?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu huɗu ne, abokan aiki a Kaduna, mun ɗaura niyyar hawa Chappal Waddi a hutun ƙarshen shekara. Kwana bakwai kacal gare mu, har da zuwa da dawowa. Wasu sun ce mu bi ta Gashaka, wasu sun ce ta Mambila. Ɗayanmu yana da Corolla, amma muna tunanin haɗa kuɗi mu ɗauki shatar Hilux. Wace hanya ta fi, kuma a kan me ya kamata mu kashe kuɗinmu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ku bi ta Mambila. Kwana bakwan da ka ambata su ne suka yanke hukuncin tun kafin a zo batun mota.

Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, shi ne tsauni mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419, a Jihar Taraba, daidai kan iyaka da Kamaru. Yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991, kuma babu gandun ƙasa da ya kai shi girma a ƙasar nan. Ko ta ina za ku hau, titi ɗaya za ku fara bi: daga Jalingo zuwa Bali, daga Bali zuwa Serti, inda hedikwatar gandun take. A Serti ne hanyoyin biyu suke rabuwa.

Ta Gashaka, mutum yana barin kwalta ya shiga hanyar ƙasa zuwa ƙauyen Gashaka, daga nan sai tafiyar ƙafa. A kwari ake farawa, inda tsayin ƙasa bai wuce 'yan ɗaruruwan mita ba, wato kusan dukkan tsayin dutsen ƙafarka ce za ta biya shi. Akwai zafi, akwai ƙudan tsando, akwai koguna da za a tsallaka, kuma tafiya ce ta mako guda ko fiye, da 'yan dako da abincin kwanaki. Ina son wannan hanyar ƙwarai, domin ita ce ke ratsa kurmin da birai iri-iri suke, har da chimpanzi, kuma a nan ne mutum ke ganin yadda daji ke sauyawa daga kurmi zuwa ciyawar kan tudu. Amma ta mai mako biyu ce a hannu. Ku da tafiyar mota daga Kaduna za ta cinye muku kusan kwana biyu zuwa, biyu dawowa, idan kuka matsa mata za ku juyo ba ku ga ƙololuwa ba.

Ta Mambila kuwa, mota ce ke yi muku rabin aikin. Daga Serti za ku wuce Mayo Selbe, ku hau titin nan mai lanƙwasa da ke manne a jikin dutse har Maisamari, sannan Nguroje. Tudun Mambila da kansa yana kan mita 1,600 ko kusa da haka, don haka kafin ku ɗaura takalmi kun riga kun ci mafi yawan tsayin. Daga Nguroje ake ɗaukar acaba zuwa Njawai, daga can a kama tafiyar ƙafa ta cikin rugagen Fulani da tuddan ciyawa har gindin tsaunin, a kwana, washegari a hau doron. Ku ware wa wannan ɓangaren kwana uku. Lissafin ya cika bakwai cif, babu rara, shi ya sa da za ka iya roƙon ƙarin kwana ɗaya a wurin aiki da hankalina ya fi kwanciya.

Yanzu batun mota. Corolla mai lafiya za ta kai ku Nguroje da rani, muddin direban ya san hawa da sauka. Kafin ku tashi a duba burki, taya da ruwan lagireto, a kuma riƙe safaya mai iska. Saukowa ta fi hawa haɗari: wanda ya dogara da taka burki tun daga sama zai fara jin ƙaurin ƙonewa kafin ya kai rabi, kuma burkin da ya yi zafi ba ya kamawa. A sa ƙaramar giya, a bar inji ya riƙe motar. Kada ku bi wannan titin da dare, kada ku bi shi cikin hazo mai kauri.

Hilux ta fi jure ramuka, wannan gaskiya ne, amma ba za ta kai ku inda acaba ke kaiwa ba. Bayan Nguroje hanya tana komawa turba ta jan ƙasa da duwatsu, wani wurin sai fasinja ya sauka ya taka, mai babur ya tura. Kuɗin shatar ku raba su uku: 'yan acaban garin da suka san kowace kwana, ɗan jagora da ma'aikacin gandu, sai ɗan dako ko biyu. Kada a yi goyon biyu da kaya a babur ɗaya don rage kuɗi. A yi ciniki na zuwa da dawowa tun a tasha, a tsayar da ranar da za su zo ɗaukar ku, domin sabis ɗin waya ba abin dogaro ba ne a can.

Ku tsaya a Serti ko da ta Mambila za ku bi. Dutsen cikin gandu yake, izini da ma'aikacin rakiya daga can ake shirya su, kuma su ne za su faɗa muku halin hanya da na tsaro a wannan makon. Idan suka ce a dakata, ku dakata. Ku riƙe katin shaida tunda bakin iyaka ne. Duk rugar da kuka isa, ku fara gaida jauro kafin ku kafa tanti; ɗan goro da sukari a jaka ba su da nauyi.

Lokacin da kuka zaɓa ya yi daidai. Daga Disamba zuwa Maris ƙasa a bushe take. Da damina jan ƙasar nan tana zama santsi kamar sabulu, rafuka su cika, babur ma ya gagara.

Wata 'yar'uwa daga Yola ta tambaya ko sai ta sayi takalmin hawa dutse mai tsada. Hajiya, ba dole ba ne. Takalmi mai kaushin ƙasa wanda ya riƙe idon sawu ya isa, sharaɗin kawai ki yi makonni kina tafiya da shi kafin ranar, don sabo fil shi ke fasa ƙafa. Abin da ya rage ki sa shi a kayan sanyi: rigar ruwa mai tare iska, safa mai kauri guda uku, hular sanyi, jakar barci da tabarmar soso ta shimfiɗa a ƙasa. Sanyin asuba a kan doron nan, ga iska ba abin da ke tare ta, ya wuce hunturun da kika sani a Yola nesa ba kusa ba. Ki ƙara da tocila ta goshi, maganin tsaftace ruwa, da guzurin da ba ya lalacewa: dabino, ƙuli-ƙuli, kilishi da garin kwaki.