Ta ina mai gyaran rediyo zai fara harhaɗa sintisaiza?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai gyaran rediyo ne a Zariya, kuma na daɗe ina sha'awar na'urar kiɗan lantarki da ake kira sintisaiza, musamman wadda ake jona ɓangarorinta da wayoyi. Na ji ana sayar da kayanta a warwatse, mutum ya harhaɗa da kansa. Ta ina zan fara, kuma hakan ya fi sayen haɗaɗɗiya araha?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tunda hannunka ya saba da dalma da mita, ka riga ka yi rabin tafiyar. Batun araha kuwa, kada ka ɗora rai a kansa, domin idan ka haɗa kuɗin akwati da na'urar ba da wuta da kuɗin aikowa daga Turai, rangwamen da ka samu zai ragu ƙwarai. Ribar da ta fi tabbata ita ce duk abin da ka haɗa da hannunka, kai ne za ka gyara shi ranar da ya lalace.

Robert Moog a Amurka ne ya fito da irin wannan na'ura a 1964, amma tsarin da akasarin masu sha'awa ke bi a yau shi ne Eurorack, wanda Dieter Doepfer na Jamus ya kafa da na'urarsa A-100 a tsakiyar shekarun 1990. A wannan tsari kowane ɓangare tsayinsa milimita 128.5 ne, kuma yana cin wuta iri biyu, bolt 12 na fositib da bolt 12 na negatib. Wani ɓangaren shi ke haifar da sautin, wani ya tace shi, wani kuma ya ɗaga ƙararsa ko ya sauke, kai kuma kana jona su yadda ka ga dama.

Shawarata ita ce kada ka fara da Eurorack. Ka fara da ƙaramar da'irar da ake kira Atari Punk Console, wadda ba ta buƙatar komai sai aisi (wato IC, ƙaramar da'irar lantarki da aka haɗe wuri ɗaya) mai lamba 555 guda biyu da 'yan rizisto da kafasita da maɓallan murɗawa biyu da ƙaramar lasifika da batirin bolt 9, kayan da za ka iya samu a wurin masu sayar da kayan gyaran rediyo. Ko ka yi kuskure, asarar kaɗan ce, kuma kunnenka zai ji yadda murɗa maɓalli ke canza muryar sauti. Bayan haka sai ka nemi kayan kamfanin Erica Synths na ƙasar Latbiya, waɗanda suka shirya tare da Moritz Klein, mai koyar da harhaɗa sintisaiza, domin masu koyo, ko na kamfanin Befaco da ke Basalona a Sifen.

Inda na fi so ka natsu shi ne wajen wuta, domin a nan ne yawancin masu farawa ke ƙona aikin da suka shafe kwanaki suna yi. Wayar da ke kai wuta ga kowane ɓangare shimfiɗaɗɗiya ce mai baki 10 ko 16, da jan layi a gefe ɗaya, kuma a ƙa'ida wannan jan layin yana nuna bolt 12 na negatib. Idan ka juya ta, aisi irin su TL072 na iya ƙonewa nan take. Saboda haka kafin ka kunna sabon ɓangare, ka auna da mita ka tabbatar layukan wutar ba su haɗe da juna ba, ka fara gwada shi kafin ka saka aisi a mazauninsu, sannan ka gwada shi shi kaɗai, nesa da sauran. Kada kuma na'urar ba da wuta mai shan bolt 230 kai tsaye ta zama aikinka na farko. Ka sayi haɗaɗɗiya, ka sa mata sitabilaiza, musamman idan da janareta kake aiki. A lokacin hunturu, da iska ta bushe, jiki kan tara lantarkin da ke kashe aisi irin su CD40106, don haka ka taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ka ɗauke su.

Saura saiti. Ƙa'idar ita ce ƙarin bolt 1 a mashigar sarrafa ɓangaren da ke haifar da sauti ya ninka saurin kaɗawar sautin, wato idan yana kan hez 110 (kaɗawa 110 a daƙiƙa) ya koma 220, wani bolt ɗin kuma ya kai shi 440. Zafi yana karkatar da wannan lissafi, kuma zafin bazara a Zariya ba ƙarami ba ne, shi ya sa nake ba masu farawa shawarar ɓangaren da aka gina a kan aisi AS3340, wanda ke daidaita kansa da canjin zafi. Ka bar na'urar a kunne kamar minti 20 ta ɗumama a cikin akwatinta kafin ka taɓa ƙananan sukurorin saitin.