Amsoshin Tambayoyinku: Wilin Mashin da Neman Sheƙi

Wasiƙun wannan makon na masu mashin ne, kusan duk a kan wilin alminiyam.

Daga Unguwar Rimi: "Malam, wilin Haojue ɗina ya dushe. Ina so ya yi sheƙi har in ga fuskata a jiki. Me zan saya?"

Ɗan'uwa, kafin ka kashe ko sisi, nemi maganadisu ka ɗora a jikin wilin. In ya kama, ƙarfe ne da aka yi wa rufi mai ƙyalli, irin na yawancin wili mai waya. Wannan kada samfefa ta taɓa shi, domin in rufin ya tafi tsatsa ce za ta gaje shi. In bai kama ba, alminiyam ne. Sai ka lakato man goge ƙarfe a farin tsumma ka murza wuri ɗaya. Tsumman ya yi baƙi? To ƙarfen a buɗe yake, ka fara aiki. In ya fito fari, akwai fenti marar launi da kamfani ya fesa, sai ka cire shi da maganin cire fenti, a fili, da safar hannu.

Ka kwance wilin, mai faci ya cire taya, ka toshe wurin boris da tsumma. Samfefar ruwa za ka saya, lamba 400, 600, 800, 1000, 1500 da 2000. Bokitin ruwa da ɗan sabulu a gefenka, kana tsomawa kana gogewa. Duk lambar da ka sauya, ka sauya hannu: in ta farko a tsaye ka yi, ta biyu a kwance, ta haka za ka ga ko zanen ta baya ya ɓace. Wanda ya yi tsalle daga 400 zuwa 1500 zai sami ƙyalli, amma in rana ta haska sai ga zane birjik a ƙarƙashi. Bayan 2000 sai faifan auduga a bakin injin huda, da sandar goge ƙarfe mai ruwan ƙasa, sannan farar sanda, kowace da faifanta. Ka ƙarasa da man goge ƙarfe na Autosol. Ka ɗaure hanci, ƙurar baƙa ce. Shawarata, ka goge bakin wilin kawai ka bar ƙafafunsa da fentinsu, saboda jikinsu kaushi ne da shi kuma lungunansu na cin yini.

Daga Barnawa: "An ce man goge haƙori da lemon kwalba na yi."

Wa ya ce? Ka bar wa haƙoranka mansu, ka je ka sayi samfefa.

Daga Rigasa: "Baba, ina cikin damuwa. Yayana ya bar mini mashin ɗinsa ya yi tafiya. Na so in burge shi, na sayi wani maganin wili a gorar ruwa wurin mai talla. Da na zuba sai ya yi kumfa, yanzu wilin ya yi dabbare-dabbare, fari da toka-toka. Ya lalace ke nan?"

Kwantar da hankalinka, yarona, niyyarka mai kyau ce. In ka wanke da wuri, fatar sama kawai ya ci. Ka sake wanke shi da ruwa mai yawa, har lungun boris da bakin taya, sannan ka bi matakan samfefa da na faɗa a sama. Kuma ka kira yayanka yau ka gaya masa da bakinka, kada ya dawo ya gani.

Amma wannan gora ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Abin da ake ɗurawa a ciki yana iya zama sodar haɗa sabulu ko ruwan batir da aka sirka, a ɗiga launi, a ce daga waje aka kawo. Soda cin alminiyam take yi. Kumfar da kuke gani kuna murna, ƙarfen wilinku ne ke narkewa, kuma iskar da ke tashi mai kama wuta ce. Tambayi duk matar da ke haɗa sabulu a gida: a roba take jiƙa soda, ba ta kusantar tukunyar alminiyam da ita. Je Panteka wurin masu zuba tukwane, su ma abin da za su gaya maka ke nan. Mai talla zai ɗiga a tsohon ƙarfe, ya yi fari nan take, ka miƙa kuɗi, gobe ba ka san inda za ka same shi ba. Ga hatsarin ido, ga yara a gida da za su ga gora su ɗauka ruwan sha ne. Wannan shi ne ya fi tayar mini da hankali. Haka man goge ƙarfe na jabu: rubutun jikin ya yi dishi-dishi, ka matsa ruwa ya fara fitowa, ka murza tsakanin yatsu ka ji tsakuwa-tsakuwa. Araha ba ta ado. Ku saya a shago mai ƙofa, inda za ku iya komawa ku yi magana. Soson ƙarfe na wanke tukunya ma ku bar shi a kicin, burbushinsa na maƙalewa ya yi tsatsa.

Daga Kawo: "Na ga wili na hannu, an goge shi tas, rabin kuɗin sabo. In ɗauka?"

Alhaji, tambayi kanka me ya sa aka wahala wajen goge tsohon wili. Sau da yawa tsagewa aka yi wa walda, aka gurje, aka ɓoye da ƙyalli. Juya shi ka duba ta ciki da fitilar waya, musamman gindin ƙafafu. In ka ga tudu ko wurin da launi ya bambanta, ajiye. A zura masa ƙarfen da wili ke juyawa a kai a juya, in yana rawa, ajiye. Wilin da aka zuba in ya tsage ba ya lanƙwasa ya ba ka lokaci, karyewa yake yi, kuma ramukan damina ba sa jin bari. Ni ba zan ɗora iyalina a kai ba.

Daga Tudun Wada: "Ƙyallin zai daɗe?"

Sai da kulawa. Alminiyam da aka buɗe dushewa yake da iska ta taɓa shi, jan taɓon damina kuma na barin tabo in ya kwana. Da hunturu kada ka share ƙura da busasshen tsumma, zane za ka yi, ka fara zuba ruwa. Ka riƙa shafa kakin goge mota bayan wanki, amma ko ɗigo kada ya taɓa birki.