An ce wa yarinya kakarta ta tafi Umara, yau wata biyu tana jiran dawowarta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata ta rasu wata biyu da suka wuce. 'Yata mai shekara 5 a ɗakinta take kwana tun da aka yaye ta. Ranar rasuwar aka kai ta maƙwabta, da ta dawo yayyena suka ce mata Hajiya ta tafi Umara. Yanzu ta koma fitsarin kwance, tana firgita cikin dare, ba ta yarda in gusa ko nan da can, kuma ta ce Hajiya na zuwa mata a mafarki. Dangin mijina sun ce mamaciyar ce ke kiran ta, a kai ta wurin mai magani a yi mata hayaƙi. Ni kaina barci ya gagare ni. Me zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta, ya ba ku haƙurin rashi. Ki kwantar da hankalinki, babu mai kiran 'yarki. Fitsarin kwance bayan ta daina, da maƙale miki, da firgita, duk alamomin da muka sani ne na yaron da ya yi rashi. Babba yana faɗin damuwarsa da baki, yaro kuwa jikinsa ne ke faɗa masa. Mafarkin ma ba abin tsoro ba ne. Wadda ta shekara uku tana kwana a bayan kakarta, ana kiran ta kishiya ana ɓoye mata ƙosai a kwano, wa za ta gani a mafarki in ba ita ba?

Abin da ya dame ni shi ne wannan Umarar. Ba na kwana biyu ban ji irinta ba: ta tafi Makka, ta tafi ƙauye, tana asibiti, tana barci. Na san da tausayi ake yi, amma a duba abin daga idon yarinyar. Ta ga gida ya cika, ta ga tabarmi a ƙofar gida, ta ga idonki ya kumbura, sannan aka ce mata ba komai. Ta san akwai abin da ake ɓoye mata. Yaro ɗan shekara 5 kuma in ba a ba shi amsa ba, shi zai ƙirƙiri tasa, kuma tasa ta fi gaskiyar muni. Zai ce a ransa: ta tafi ba ta yi mini sallama ba, ko don na yi mata rashin ji ne? In Hajiya za ta iya ɓacewa rana ɗaya, me zai hana Mama? Dalilin da ya sa take riƙe miki zani ke nan. Wanda aka ce wa mamaci barci yake yi, shi kuma sai ya tsani shimfiɗa. Sannan ranar da wani yaro a makarantar Islamiyya zai ce mata "ai kakarku ta mutu", ta yi rashi biyu: kakarta da kuma yarda da maganarki.

Wai yaro bai san mutuwa ba. To ai ba a ce ya gane ta duka yau ba. Yawancin yara sai sun kai wajen shekara 7 suke fahimtar cewa wanda ya mutu ba ya dawowa, shi ya sa ake maimaita musu a hankali. Addininmu ma bai ba mu wannan ƙofar ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wata uwa ta kira ɗanta, Abdullahi ɗan Amir, da cewa za ta ba shi wani abu, Manzon Allah (SAW) ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, sai ya ce da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. A kan dabino ke nan, ina ga rasuwa? Manzon Allah (SAW) shi kansa yana ɗan shekara 6 mahaifiyarsa ta rasu a Abwa yana tare da ita, yana ɗan 8 ya rasa kakansa Abdulmuɗɗalib.

Maganar hayaƙi kuwa, don Allah kada ki yarda. Yarinyar da tsoro ya riga ya cika, a danne ta, a turnuƙe ta da hayaƙi, wani ƙato na yi mata tsawa wai yana magana da aljani, a karɓi kuɗinku ku dawo da ita ta fi da firgita. Ki tofa mata Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu da bakinki lokacin kwanciya, wannan ba ya buƙatar ɗan kwangila. Ki fara shawo kan maigidan, shi ya tari danginsa.

Ki zaunar da ita da rana, ba da dare ba. Ki ce mata: "Mun ce miki Hajiya ta tafi Umara, ba haka ba ne, ki yi haƙuri. Hajiya ta yi ciwo mai tsanani, ta rasu. Ba za ta dawo ba. Ba laifinki ba ne, ni kuma ina nan." In hawaye ya zo miki ki bar shi, ta ga cewa kuka ba laifi ba ne. Wataƙila ta tashi ta koma wasanta kamar ba ta ji ba, jibi ta sake tambayar yaushe Hajiya za ta dawo. Ki ba ta amsar nan dai. Ki ba ta carbin Hajiya ko mayafinta, ku riƙa yi mata addu'a tare. Fitsarin kwance kuma ba duka, ba gori.

In fitsarin na mata zafi, ko tana yawan shan ruwa tana ramewa, a gwada fitsari da sukari cikin makon nan. In kuma an kai wata 6 abin bai lafa ba, ko ta daina cin abinci, ko tana cewa za ta bi Hajiya, ki kai ta sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa mafi kusa da ku. Ke ma da kika ce barci ya gagare ki, ki faɗa wa likitan naki halin idan kun je.