Kare mai wata takwas ya fara ɗaga ƙafa a baranda da bakin ɗaki

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce karenka namiji ne, wata takwas da haihuwa, tun yana ƙwikwiyo ya saba zuwa bayan gida ya yi fitsarinsa, sai ga shi kwanan nan ya ɓullo da ɗaga ƙafa a ginshiƙin baranda, da tayar moto (wato babur), da takalman da ake cirewa a bakin ɗaki, har ya taɓa yi a kan buhun hatsi. An doke shi, an ɗaure shi, bai bari ba, mutanen gida kuma sun fara cewa a kai shi ƙauye. Kafin a kai ga haka, ga abin da nake ganin ya kamata ka gwada.

Abin da ka kwatanta ya yi kama da sa alama. Kare namiji yana balaga ne tsakanin wata 6 zuwa 12, manyan iri kan ɗan jinkirta, kuma da zarar sinadarin namiji da maraina ke fitarwa ya ƙaru a jininsa, sai ya fara ajiye ɗigon fitsari a wuraren da yake so sauran karnuka su san yana nan. Kamar manomin da ke dasa gamba a iyakar gonarsa ne. Shi ya sa yake zaɓen abin da ke tsaye, daidai tsayin hancin wani kare, kuma shi ya sa tayar moto da takalma suka fi shan wahala: su ne ke shigo da warin titi cikin gida, sun taka inda karnukan unguwa suka yi nasu, shi kuma sai ya ɗora nasa a kai. Buhun hatsi sabon abu ne da ya shigo da baƙon wari daga kasuwa. Ba ya yi don ya ɓata maka rai, bai kuma manta tarbiyyar da aka yi masa ba.

Amma ka tsaya ka kalle shi da kyau kwana biyu ko uku tukuna, don ciwon mafitsara ma yana sa kare fitsari barkatai, kuma maganinsu daban. Mai sa alama yakan sansana wurin, ya juya gefe, ya ɗaga ƙafa, ya saki ɗan kaɗan wanda bai fi cokali ɗaya ko biyu ba, ya wuce abinsa. In kuwa ka ga yana yunƙuri ya daɗe a tsaye fitsarin na fita da ƙyar, ko yana kuka, ko akwai jini, ko yana yawan lasar gabansa, ko kana tarar da jiƙa a inda ya kwana, to wannan aikin likitan dabbobi ne. Jini da ke ɗiga daga gaban kare ko ba ya fitsari, musamman wanda ya taɓa tsallakewa ya bi karya a waje, yana iya zama wani ƙari da karnuka ke ɗauka wurin barbara. Yana da yawa a karnukan da ke yawo, kuma yana jin magani in an kai da wuri. Wanda ya yi ta yunƙuri babu abin da ya fita sam, kada ya kwana a gida, tsakuwa ce mai yiwuwa ta toshe hanya, kuma tana kisa. Don Allah kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen ko diclofenac, suna ɓata wa kare ciki da ƙoda. Akwai kuma wanda kan tsuguna ko ya kwanta rigingine ya saki fitsari in an daka masa tsawa ko mai gida ya shigo. Wannan tsoro ne, duka kuma ƙara shi yake yi.

In lafiyarsa ƙalau, sai a koma kan wanki, don nan ne akasarin mutane ke faɗuwa. Kai ka wanke ka daina jin zarni, shi kuwa hancinsa yana ji sarai, kuma muddin yana jin warin jiya zai sabunta shi yau. In ɗanye ne, fara tsane shi da tsumma ko ka zuba yashi ya shanye ka kwashe. Kada ka kwara bokitin ruwa kai tsaye, baza shi za ka yi ko'ina a siminti. Ka sa safar hannu ko ka ɗaura leda. Bayan nan ka wanke da garin sabulun wanki, in ka samu wanda aka rubuta enzymes a jikin ledarsa ya fi, don shi ke narkar da abin da ke riƙe warin. Ka bar kumfar ta zauna minti 10 zuwa 15, ka goge da buroshi, ka ɗauraye. Sai ka haɗa farin binegar da ruwa rabi da rabi, ka jiƙa wurin, ka bar shi ya bushe da kansa. Kada ka tsaya a ƙasa kawai, ka hau da wankin jikin ginshiƙin ko bangon har gwiwarka, don can ne fitsarin ya fara sauka. A kan karo, wato tayil na daɓen ƙasa, wanki ɗaya ko biyu ya isa, sai dai ka kula da tsagar da ke tsakaninsu. Siminti mara fenti yana shan fitsari ciki, sai an maimaita sau uku ko huɗu. In ƙasa ce ko yashin tsakar gida, ka haƙe kamar zurfin yatsa ka zubar a waje ka zuba sabo. Tabarma da tapi a wanke su a shanya a rana sosai, in sun bushe a barbaɗa bikarbonat ya kwana, da safe a kakkaɓe. Abin da ake salla a kai kuwa, tunda fitsarin kare najasa ne, a gama da ruwa zalla har launi da wari su gushe, kuma daga yanzu a riƙa naɗe shi a rataye.

Ruwan jabel, wato bilic, da muka saba da shi ba ya wannan aikin yadda ake zato. Yana kashe ƙwayoyin cuta, amma in ya haɗu da ɗanyen fitsari yana tayar da iska mai yaji a ido da ƙirji, in kuma ya haɗu da binegar abin ya fi muni, iska mai guba ce ke fita. Kada su haɗu ko a bokiti ɗaya. Crésyl da Izal, magungunan wanke makewayi, suna danne wari a hancin mutum, amma suna ƙona tafin kare, in ya lasa su cutar da shi, kyanwa kuwa suna iya kashe ta. Duk abin wanki mai ammoniya a bar shi, warinsa kusa yake da na tsohon fitsari. Barbaɗa barkono ma ban yarda da shi ba: zai shiga masa ido da hanci, yara ma na wasa a wurin, shi kuma ya matsa taku biyu ya yi a gaba. In kana zargin akwai wuraren da ba ka gano ba, ƙaramar tocila mai shuɗin haske irin ta duba takardun kuɗi tana nuna busasshen fitsari da dare.

Babban aikin dai shi ne hana shi samun dama. Duk lokacin da ya ɗaga ƙafa a baranda ba wanda ya gani, ɗabi'ar ta ƙara zama. Don haka na sati uku zuwa huɗu, kada ya taka baranda ko bakin ɗakuna sai da mutum a tare da shi, da igiya mai tsawon mita biyu a wuyansa tana riƙe a hannu ko a ƙugu. In ba mai kula da shi, ya zauna a wurinsa: inuwa mai iska, da ruwa, da abin kwanciya, nesa da baranda. Kare ba ya son ɓata makwancinsa, wannan yana taimaka maka. Amma ban ce a ɗaure shi da gajeriyar sarƙa wuni guda a rana ba. Wanda aka yi wa haka, da an sake shi sai ya bi gida yana ɗiga ko'ina don zumuɗi.

Ka ware masa wurin da aka yarda ya sa alamarsa, don hana shi gaba ɗaya ba zai yiwu ba. Kafa turke ko ka jingina tsohuwar taya a wani lungu kusa da bango, ka goga tsumman da ka tsane fitsarinsa a jiki. Ka kai shi can da igiya da asuba, da bayan ya ci abinci, da in ya tashi daga barci, da kafin a kwanta, a tsakani kuma kowane awa uku. Ka tsaya shiru. Yana gamawa, nan take ka yabe shi ka miƙa masa ɗan abin daɗi, guntun dafaffiyar hanta ko ƙuli-ƙuli mara yaji kamar girman ƙwayar gyaɗa. Ladar ta zo cikin daƙiƙa biyu ko uku. In ka bari sai kun dawo baranda ka ba shi, ya ɗauka don dawowar ce. A cikin gida kuma idonka ya kasance kan alamun da ke zuwa kafin fitsarin: doguwar sansana a wuri ɗaya, sai jera jiki da bango. Nan za ka tafa hannu sau ɗaya ko ka ce "kai!", ka ja shi zuwa turkensa. In ka tarar ya riga ya yi, ko da minti ɗaya ne ya wuce, ka wanke kawai. Duka ko dangwara hancinsa a fitsarin ba ya haɗa su a kansa da abin da ya yi ɗazu. Abin da zai koya shi ne kada ya yi a gabanka, sai ya koma yi a ɓoye, har turken ma ya ƙi yi in kana tsaye. Kuma karen gadi da ke tsoron hannun mai gidansa shi ne wata rana ke cizon yaro.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne. Takalma su hau kanta ko cikin kwando, har da na baƙi. Buhu ya hau kan katako a ɗakin ajiya a rufe. Moto a ajiye shi inda kare ba ya kaiwa, ko a watsa wa tayoyin ruwa in an shigo. Wurin da ya fi nacewa, bayan an wanke ya bushe, ka mayar da kwanon abincinsa can na ɗan lokaci, don ba kasafai yake fitsari inda yake ci ba. Ka duba ƙofar gida daga waje: in karnukan unguwa na yi a jikinta, ita ma a wanke, a toshe ƙasanta in yana leƙe. Ka tambayi maƙwabta ko akwai karyar da ke neman namiji. Yawanci sau biyu a shekara suke yi, na sati biyu zuwa uku, kuma a wannan lokacin za ka ga naka ya rage ci, yana kuka da dare, alamar ta ninku. In lokacin ya wuce sai ta ragu. Ka fita da shi da igiya rabin awa da sassafe ko bayan la'asar, ya sansana ya sa alamarsa a waje.

Wasu za su ce a rage masa ruwa. Kar ka yi. Kare mai kilo 20 yana shan lita ɗaya ko fiye a rana, a zafin Maraɗi na Afrilu da Mayu kuwa, da ake wuce digiri 40, buƙatarsa ta fi haka nesa. Ai cokali ɗaya ya ishe shi sa alama, rage ruwa ba zai hana ba, sai dai ya jawo masa ciwon mafitsara ko zafi ya kayar da shi.

Batun fiɗiya, wadda na san za a ba ka shawararta: tana taimakawa ƙwarai, amma ba ta wadatar ita kaɗai. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka, aka buga a 1997, kan karnuka 57, ya nuna cewa aƙalla kashi 60 cikin ɗari sun rage sa alama da rabi ko fiye bayan an fiɗiye su, waɗanda suka kusan dainawa gaba ɗaya kuwa ba su wuce kashi 40 ba. Ke nan akwai waɗanda za su ci gaba, don abin ya riga ya zama sabo, sai da wanki da tsaron da na faɗa. Sauyin ma ba ya zuwa washegari, yakan ɗauki makonni. Ribarta ta biyu ita ce rage tsallake katanga don bin karya, inda ake samun cizo da wancan ƙarin. Masu tsoron zai daina gadi su kwantar da hankali, haushin baƙo da tsare gida ba su dogara da maraina ba. In babban iri ne kamar berje na Jamus, irin wanda 'yan sanda ke aiki da shi, likitoci da yawa sun fi son a jira ya kai shekara ƙashinsa ya gama girma. Karen gida na nan ana iya yi masa yanzu, amma wanda ya duba shi ne zai yanke.

Abin da nake roƙonka shi ne kada a yi masa dandaƙa irin ta rago ko ta sa, ko a ɗaure da roba. Kare aiki ake yi masa da allurar barci da ɗinki, a hannun likitan dabbobi. Ka je ofishin kiwo ko wurin likita mai zaman kansa ka tambaya, ya kuma taɓa ya tabbatar maraina biyun sun sauko, don in ɗaya ya maƙale a ciki aikin ya fi girma. Za a ce kada ya ci abinci daren da za a yi. Bayan aiki yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 a wuri mai tsabta, ba gudu, ba wanka, a hana shi lasar ɗinkin da abin wuya, wanda ko da ƙaramin bokitin roba da aka yanke gindinsa ana yi. Ka duba wurin safe da yamma saboda ƙuda, musamman da damina, don tsutsa kan shiga cikin kwana ɗaya ko biyu. In ba a yi masa allurar ciwon haukan kare ba, a yi ta a wannan zuwan, a ba ka takarda.

In ya yi sati biyu cur bai yi a ciki ba, ka fara sakinsa a baranda minti goma kana zaune, bayan ya dawo daga turkensa, kana ƙarawa sannu a hankali. Ya sake yi, ka wanke ka koma igiya na sati guda. Ranar da za a yi baƙi ko aka shigo da sabon kaya, a mayar da shi wurinsa tun kafin su iso. Ka kuma zaunar da yara da duk mai ba shi abinci ka nuna musu turken da yadda ake yi, don in mutum ɗaya yana sakinsa da rana kana kasuwa, lissafin satin daga farko zai koma.