Baba ya rasu a Manchester bai bar wasiyya ba: nawa za mu kashe kafin a raba gado?

Wata 'yar'uwa ta rubuto cewa mahaifinsu ya rasu bayan shekara 24 a Ingila. Ya bar gida da sunansa shi kaɗai, zai kai fam 380,000, da ragowar bashin gidan fam 60,000, da fam 25,000 a banki, da wani gida a Kano. Mahaifiyarsu na raye. Banki ya rufe asusun, ya ce sai sun kawo takardar furobet, wato izinin kotu na kula da dukiyar mamaci, baffanninta kuma sun fara tambayar yaushe za a yi rabo. Tana son sanin abin da za su kashe.

'Yar'uwa, Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa Aljanna ce makomarsa, ku kuma Ya ba ku haƙurin rashi.

Kuɗin kotu shi ne mafi ƙanƙanta a duk lissafin. Tunda babu wasiyya, fom ɗin PA1A za a cika don neman wannan takardar izini, kuma Mama ce ke da haƙƙin nema kafin ku. A watan Mayun 2024 kuɗin ya tashi daga fam 273 zuwa 300. Dukiyar da ba ta haura fam 5,000 ba ba a biya mata komai. Farashin yana canzawa, ki duba shafin gwamnatin Birtaniya na GOV.UK ranar da za ku tura. Kowane kwafi na takardar, da na shaidar rasuwa, yana da kuɗinsa, kuma za ku buƙaci da dama.

Inda kuɗi ke tafiya shi ne wurin lauya. Wani yana yanke farashi guda, wani yana lissafi da awa, wani kuma kaso yake ɗauka daga dukiyar. Wannan na ƙarshe nake so ki buɗe ido a kansa. Idan ya ce kashi 2 cikin ɗari na fam 405,000, wato gida da kuɗin banki kafin a cire bashi, fam 8,100 ke nan. A ɗora harajin VAT na kashi 20, ya zama 9,720. Tun 2018 an wajabta wa lauyoyin Ingila da Wales su bayyana farashin irin wannan aiki a fili, don haka ki tambayi uku, kowa ya ba ki a rubuce. Kuna iya sa lauya ya karɓo muku takardar kawai, ku yi sauran zirga-zirgar da kanku.

Sai harajin gado, wanda shi ke hana mutane barci. Fam 325,000 na farko babu haraji a kansa. Idan gidan da mamaci ya zauna ya koma hannun 'ya'ya ko jikoki, akan ƙara har 175,000. Abin da ya haura, kashi 40 ake cirewa. Abin da ya tafi ga matar aure galibi ba ya shiga haraji, amma fa sai auren da dokar Ingila ta sani. Wanda aka ɗaura a Najeriya bisa ƙa'idar can yawanci ana karɓarsa; wanda aka ɗaura a falo a Ingila ba tare da rajista ba, nan ne mata da yawa suka sha kuka. Ki nemo shaidar auren iyayenki tun yau.

Kada a bar gidan Kano a waje. Daga 6 ga Afrilun 2025, wanda ya zauna a Birtaniya shekara 10 cikin 20 na ƙarshen rayuwarsa, hukumar haraji ta HMRC tana ƙirga dukiyarsa duk inda take a duniya. Baba ya wuce wannan adadi. Ku sa ƙwararre ya kimanta gidan a rubuce, a juya naira zuwa fam da canjin ranar rasuwa. Da alkaluman da kika bayar, da wuya haraji ya hau kanku, sai dai in gidan Kano babba ne sosai. In ya hau, ana biya kafin ƙarshen wata na shida bayan rasuwa, in ba haka ba ruwa ya fara hawa.

Abin da ya fi damuna shi ne rabon kansa. Dokar Ingila ta ba Mama kayan amfanin Baba, da fam 322,000 na farko, da rabin abin da ya rage. A dukiyar da ta tsaya kusan 345,000 bayan bashi, kusan duka nata ne. A Musulunci kuwa tumuni take da shi. Ana iya gyara wannan da takardar sauya rabo cikin shekara 2 daga rasuwa, idan duk wanda kasonsa zai ragu ya yarda. In akwai ƙaramin yaro a cikinsu, sai da izinin kotu, kuma nan kuɗi na ƙaruwa. Ki sa wannan takarda a lissafin lauya, domin tana iya jawo cika dogon fom ɗin haraji na IHT400. Ku zauna da Mama da malami da natsuwa. Mace ce cikin takaba, kuma gidan nan shi ne rufin asirinta.

Kafin a gama, gidan yana ci: bashin banki, inshora, harajin kansila, wuta da ruwa. Ki ninka na wata guda sau goma sha biyu, ki ajiye a gefe. Gidan Kano kuma shari'ar can ce za ta raba shi, da nata kuɗin.

Baffanni ki amsa musu da ladabi: jana'iza da bashi suna gaba da gado, kuma ana kan tattara su. Kada ki faɗi adadi, kada ki tura ko fam ɗaya daga dukiyar, domin mai kula da ita in ya raba kafin ya biya bashi, daga aljihunsa za a iya nema. Ki buɗe littafi guda, duk rasit ki ajiye, har na makabarta.